Farin Duhu: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗan Damagaram da Zai Hau Dutsen Ƙanƙara

Duk lokacin da na zo gida hutu, in muka zauna a fada bayan isha'i ana jiran shayi na biyu, hira ba ta nisa sai ta karkata kan dusar ƙanƙara. Ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a Faransa, Maroko, Aljeriya ko Turkiyya su suka fi matsa mini, don sun ji cewa ɗalibai kan haɗa kuɗi a cikin hunturu su tafi dutse wasan zamiya, wanda ake kira siki. Na yi shekaru a Grenoble ta Faransa, garin da duwatsu suka yi wa zobe. Da girmana na koyi wasan nan, kuma ina son sa har yau. Sai dai akwai yanayi guda da ba na so kowa ya gamu da shi bai taɓa jin labarinsa ba. Faransawa suna ce masa jour blanc, wato farar rana. Ni farin duhu nake ce masa, domin abin da duhu ke yi wa ido, shi yake yi masa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Yaya, wai mene ne farin duhun nan? Ba irin hazonmu ba ne?

Danginsa ne, amma ya fi shi mugunta. Tuna safiyar Janairu in hazo ya sauka, kana tsaye a Birni ba ka hango manyan duwatsun nan, rana ta koma kamar faifai. Duk da haka ƙasa tana nan da launinta. Kana ganin bakin kwalta, kana ganin ramin da ke gabanka, ka san nan ne sama, nan ne ƙasa.

A kan dutsen ƙanƙara wannan bambancin ne ke tafiya. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. In gajimare ya rufe sama, hasken sai ya yi ta kai da komo tsakanin ƙasa da gajimare, ya riƙa zuwa ta ko'ina a lokaci guda, inuwa ta ɓace. To da inuwa ido yake gane tudu da kwari. In babu ita, gangara da fili duk ɗaya ne, kamar an sa ka cikin ƙwaryar nono an rufe.

Wani lokaci gajimare ne da kansa yake zaune a kan dutsen, kai kuma kana cikinsa, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Wani lokaci iska ce ke kwasar dusar da ke ƙasa tana watsa ta, kamar yadda guguwar farkon damina ke yi da yashi. Wanda ya fi yaudara shi ne wanda iska take garau: kana hango mai jar riga can nesa sarai, amma ƙasan da ke ƙarƙashin ƙafarka ba ka san fasalinsa ba. Irin wannan ne ya ruɗi matuƙan jirgin saman ƙasar Niyu Zilan a watan Nuwamba na 1979, suka daki dutsen Erebus a can ƙarshen kudancin duniya, mutum 257 suka rasu. Dutsen yana gabansu, idonsu yana nuna musu fili.

An ce har jiri da amai yake sawa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ni ganau ne. Jiki yana tsayawa daidai ne da shaidu uku: ido, cikin kunne, da tafin ƙafa. Takalmin siki mai tauri ne, ya riga ya rage abin da ƙafa ke ji. In farin duhu ya ɗauke shaidar ido, kunne kaɗai ya rage, shi kuma ba ya iya riƙe shari'ar shi ɗaya.

A hunturuna na biyu, gajimare ya rufe mu a saman wata hanya mai sauƙi da na sha bi. Na ja birki na tsaya, ko in ce na ɗauka na tsaya. Ina duban ƙafafuna, dusar da iska ke kaɗawa tana wucewa a kan dogayen allunan siki biyu da ke ɗaure a ƙafafuna, sai na ji kamar baya nake tafiya. Na karkata gaba don in gyara, sai ga ni kwance. Da na tashi na soka sanda a ƙasa, sai sandar ta kuɓuce ta yi baya: ashe a hankali nake zamewa ban sani ba. Cikina ya juya irin na wanda ya yi doguwar tafiya a bayan mota a hanyar Tanut. Wani likitan kunne ɗan Suwis, Rudolf Häusler, ya bayyana wannan ciwo a 1995, ya nuna cewa ɗan'uwan jirin mota da na jirgin ruwa ne.

Maganinsa ka ba ido abin kamawa. Soka sanda, ka dube ta. Dubi rigar abokinka, ko wani dutse baƙi da ya leƙo, ko turken gefen hanya. In jirin bai lafa ba, matsa gefe ka zauna kaɗan.

To in ya rufe ni ina tsakiyar gangara, me zan fara yi?

Rage gudu nan take, ka ratse gefen hanya, sannan ka tsaya. Kada ka tsaya a tsakiya ko a bayan tudu, don na bayanka ma makaho ne irinka. Ka kira abokan tafiya, ku haɗu wuri ɗaya, ku ƙirga kanku. Daga nan ku nemi turke.

Wane irin turke?

Nan zan daɗe, don a ganina wannan shi ne ilimin da ya fi kowane amfani, kuma da yawa cikin masu zuwa wasan ba su san shi ba.

Duk hanyar zamiya da aka gyara tana da turaka a gefe biyu, masu launin hanyar. A Faransa kore ita ce ta ƴan koyo, shuɗiya mai sauƙi, ja mai wuya, baƙa ta gwanaye. Turakan da ke hannun damanka in kana gangarawa, kansu yana da launin ruwan lemo mai haske, na hagu ba su da shi. Don ranar farin duhu aka yi haka. In ka laluba ka samu turke guda ɗaya tak, ya isa ya gaya maka inda hanya take. Mai kan ruwan lemo ne? Bar shi a damanka, hanya tana hagu da shi. Ba shi da shi? Bar shi a hagunka. Wanda ya juya wannan lissafi ya fita daga hanya ke nan, alhali yana ganin yana cikinta.

Ban da su akwai alluna masu zagaye ɗauke da sunan hanya da lamba. Lambar tana raguwa ne in kana sauka, har ka kai 1 a ƙasa. Ka saba da karanta ta ko ranar da gari yake garau, domin in ka kira masu ceto, abin da za su fara tambayarka ke nan: wace hanya, lamba nawa. Sanduna masu ratsin rawaya da baƙi kuma haɗari suke nunawa, ko rami ko dutse ko gaɓa. Kada ka bi su a matsayin jagora.

Yadda ake yi: ka tsaya a turke, ka jira har ka hango na gaba, ka je gare shi, ka sake tsayawa. In ba ka hango shi ba, mutum ɗaya ya matsa a hankali, sauran su tsaya a turken suna magana da ƙarfi, kada ya wuce inda suke ganinsa. Duk wanda ya taɓa zama da direbobin Bilma ya san wannan karatu, don su ma turakan ƙarfen da aka kafa a Tenere suke bi, kuma sun san abin da ke samun wanda ya ce ya san gajeriyar hanya.

Wannan tsari na Faransa ne. A Oukaïmeden ta kusa da Marrakesh, ko Chréa ta saman Blida, ko Uludağ da Erciyes na Turkiyya, ka tambayi ma'aikatan wurin da safe yadda alamominsu suke. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai wata hanyar sauka ta daban a irin wannan rana?

Akwai. Ka manta da nuna gwaninta. Ka sassauta gwiwa, ka ɗan durƙusa, domin tudun da ido bai gani ba gwiwa ce za ta sha shi. Ka riƙa gajerun kwana, ka bar bakin sandunanka suna jan ƙasa, su zama maka sandar makaho. In gangarar ta yi tsanani, koma wa abin da aka fara koya maka: haɗa bakin allunan gaba ka buɗe bayansu kamar garma, ko ka juya gefe ka riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. In kana shakkar abin da ke gabanka, dunƙula dusar ƙanƙara ka jefa, ka ga inda ta faɗi da yadda ta gangara. In ta ɓace ba ka ga faɗuwarta ba, kada ka ƙara taku.

Mai allo ɗaya, wanda ƙafafunsa biyu ke ɗaure a kai, ya fi shan wuya, don ba shi da sanda. Fili ne ma ya fi kayar da shi, inda bai san gudu ya ƙare ba har bakin allon ya kama ƙasa. Gara ya fuskanci kwari ya sauka a kan dunduniya, ya bi bayan mai siki.

Sannan ka nemi itatuwa. Hanyoyin da suka ratsa daji a ƙasan dutse sun fi na sama kyan gani nesa ba kusa ba, don duhun itatuwan yana dawo wa ido da abin aunawa, suna kuma tare iska. Amma ka tsaya a kan hanya, kada ka kusanci gindin itace, don dusar da ke wurin sako-sako ce, mutum kan iya nutsewa da ka.

Yaya, mu nan in guguwa ta taso direba tsayawa yake har ta wuce. Me zai hana in zauna in jira?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin rabin amsar yana hannunmu tun daga gida. Abin da tsofaffin direbobin hanyar Agadas suka sani gaskiya ne a ko'ina: in ido ya daina aiki, kada ka yi gardama da hanya, kada ka rabu da ƴan'uwa, kada ka bar alamar da ka sani ka bi zato. Duk wannan ka tafi da shi.

Inda aka rabu shi ne jira. A jejinmu, wanda ya tsaya yana da ruwa ya rufe fuska da rawani, lokaci yana tare da shi. A kan dutse lokaci abokin gāba ne. Kowace mita 1000 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6 da rabi. Grenoble tana kan mita 200 da ƴan kai, ƙololuwar Chamrousse, inda aka yi tseren gangara na gasar Olamfik ta 1968, tana kan mita 2250. Ke nan ranar da gari yake digiri 3, sama tana wajen 10 ƙasa da sifiri. Ƙara iska mai gudun kilomita 30 a awa, jiki zai ji kamar 20 ƙasa da sifiri. Mu da muke kewaye wuta da safe in ma'auni ya nuna 12, ka auna. Ga rigar ciki ta jiƙe da gumi, da ka daina motsi ita ce za ta fara zuƙe maka zafi.

A ƙarshen Afrilu na 2018, hadari ya rutsa da mutum 14 a kusa da Pigne d'Arolla, cikin tsaunukan Alp na ƙasar Suwis, a sama da mita 3000. Suka kwana a waje cikin iska, bakwai suka rasu. Ɗakin mafakar da suke nema bai kai kilomita ɗaya daga inda suke ba, kuma ba ƴan koyo ba ne. Ba na kawo wannan don in tsorata kowa. Ina kawo shi ne don a gane cewa shawarar da ke ceton rai ana yanke ta ne tun ana gani. In ka hango gajimare yana hawowa daga kwari, ko ƙololuwar da ke gabanka ta fara ɓacewa, ko inuwarka ta dushe a kan ƙanƙara, lokacin sauka ya yi. Ba sai an gama zagayen ƙarshe ba.

Don haka in kana kan hanya mai turaka, sauka a hankali ya fi zama. In akwai gidan abinci ko tashar kujerun igiya masu hawa da mutane saman dutse a kusa, shiga ka jira a can, ma'aikata za su gaya maka yadda za ka sauka, sau da yawa ma a cikin keken igiyar da ya kawo ka. Zama a fili sai in ya zama dole: ka ɓata, dare ya yi, ko wani ya ji rauni. A nan ka nemi bayan dutse ko tudu inda iska ba ta bugu, ka haƙa rami a cikin dusar, ko da allo ne. Abin mamaki, ita dusar bargo ce, cikin rami sanyi ba ya nisa da sifiri ko da waje ya yi tsanani. Ka bar ƙofar shan iska. Kada ka zauna a kan ƙanƙara kai tsaye, sa jaka ko allo a ƙarƙashinka. Ku manne da juna, ku yi ta motsa yatsu, ku yi ta hira. A kafa allunan siki a waje a gicciye don masu nema su gani.

In na duba babu turke ko ɗaya fa?

Tsaya a inda kake. Zuciya za ta ce maka ka ci gaba da gangarawa, ai ƙasa ƙasa ce. Kada ka yarda. Kwarin dutse yakan ƙare a gaɓa ko a rafi da dusa ta lulluɓe, ko ya kai ka wani ɓangaren da babu kowa. A saman tudu kuma iska tana gina wani leɓe na ƙanƙara da ke leƙa sarari, babu komai a ƙarƙashinsa.

Kada kuma ka amince da cewa kana tafiya miƙe. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus sun gwada mutane a wani daji na ƙasarsu da kuma cikin Sahara ta Tunisiya. In ana ganin rana, suna miƙewa. In ta ɓuya, sai su yi ta kewaya wuri ɗaya, suna rantsuwa gaba suke yi. Mutanen rairayi sun daɗe da sanin haka.

In sawunka yana nan, bi shi ka koma sama har turken ƙarshe, ko da zai ci maka rabin awa. In iska ta shafe shi, ɗauko waya. A duk Tarayyar Turai da Turkiyya lambar gaggawa 112 ce. A Faransa in murya ba ta shiga, ana iya tura rubutaccen saƙo zuwa 114. Lambar masu sintirin wurin tana jikin taswirar da ake bayarwa kyauta inda ake sayen tikiti, ka sa ta a waya tun da safe. Ka faɗi sunanka, ku nawa ne, hanya da lambar ƙarshe da ka gani, sannan ka karanto musu lambobin wurin da taswirar waya ke nunawa. Kada ka jira magariba don jin nauyi. Jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin farin duhu, da ƙafa za su zo, kuma kowace awa ta haske tana da daraja.

Waya tana mutuwa da wuri a sanyi, batir mai rabi kan ɗauke farat ɗaya. Ajiye ta a aljihun ciki, kusa da ƙirji. Ka kuma riƙe usur. Alamar neman taimako a tsaunukan Alp busa shida ce cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a sake.

Wane tabarau zan saya? Baƙin gilashina ba zai yi ba?

Ba zai yi ba, ƙara maka makanta zai yi. Ana son irin wanda ke rufe ido gaba ɗaya da roba a bayan kai. Suna da lamba daga 0 zuwa 4. Mai lamba 3 na rana mai ƙarfi ne, haske kashi 8 zuwa 18 kawai yake bari ya wuce. Na ranar gajimare mai lamba 1 ne, yana barin kashi 43 zuwa 80, yawanci rawaya ko ruwan hoda ko ruwan lemo, launukan da ke ɗan fito da tudu da kwari. In kuɗinka na guda ɗaya ne, mai lamba 2 ya fi dacewa da ɗalibi. Amma ka sani, babu gilashin da ke huda gajimare, duk abin da mai kanti zai gaya maka. Kada ka goge cikinsa da safar hannu, kada ka ɗaga shi kan goshi mai gumi, nan da nan zai yi raɓa.

Tunda babu rana, ba sai in cire shi in fi gani ba?

A'a. Hasken da ke ƙona ido yana ratsa gajimare, yana ƙaruwa da wajen kashi 10 a kowace mita 1000, ga dusa tana mayar da shi daga ƙasa. Ba za ka ji komai ba sai bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, ido ya yi ja, ya yi ta hawaye kamar an zuba yashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon mai walda ya san ciwon, shi ne dai. Yakan warke cikin kwana biyu ko uku a ɗaki mai duhu, amma a nuna wa likita.

Mu da muka tashi a zafi, jikinmu zai ɗauka kuwa?

Zai ɗauka in an kula da shi, amma kada mu yaudari kanmu. Likitocin sojan Ingila da na Amurka sun daɗe da lura cewa sanyi ya fi saurin lahanta yatsun sojojinsu baƙar fata. Abin da littattafan can ke faɗa, wai fata za ta yi ja sannan ta yi fari, bai cika bayyana a jikinmu ba. Mu sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, ya mutu ba ka jin taɓi. Yatsa mai zafi yana da rai, wanda ya daina zafi shi ne abin tsoro. Ku riƙa duba hanci da kunnen juna. Kada a murza, kada a goga dusa, kada a kanga a wuta. A sa hannun a hammata, a nemi ɗaki.

In abokinka yana rawar ɗari, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe, yana cewa a bar shi ya ɗan kwanta, zafin jikinsa ne ya sauka ƙasa da digiri 35. Wannan na kiran masu ceto ne nan take.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, ni kuwa dole in faɗa, don yana cikin gidajenmu da yawa: amosanin jini, sikila. Sanyi da tsawon dutse da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da shi. Har wanda yake ɗauke da rabinsa, mai AS, saifa kan iya kama shi da ciwo a wuri mai tsawo. In ba ka san jininka ba, yi gwaji kafin ka bar gida, ka kuma yi shawara da likita kafin ka hau.

In azumi ne fa? Kuma an ce akwai abin da suke sha don ɗumi.

A ƴan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin hunturun can. Hukunci na malamai ne. Nawa dai shawara: jikin da babu abinci ba ya yin zafi, don haka ranar da aka ce gari zai ɓaci, mai azumi ya zauna ƙasa. Abin da suke sha kuwa giya ce da aka dafa da kayan ƙamshi, za a miƙo maka da fara'a. Ban da haramcinta, ɗumin nata na ƙarya ne, buɗe jijiyoyin fata take yi zafin ciki ya fice. Gorar shayi mai sukari da dabino a aljihu sun fi ta.

Abokaina suna cewa daɗin yana wajen hanya, inda ba a taka ba.

Ba a ranar farin duhu ba, ko da wa kake tare. Dusar ƙanƙara tana zaftarewa ne galibi a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kai kuwa ba ka ma ganin gangarar da ke samanka. Kowace rana ana fitar da ma'aunin haɗarin daga 1 zuwa 5, yana manne a tashar hawa. Wanda ta binne, in an tono shi cikin minti 15, fiye da tara cikin goma suna rayuwa. In aka wuce minti 35, wajen uku ne cikin goma. Wa zai gan ka, balle ya tono ka, a ranar da ba a ganin taku goma?

Ceton nan kyauta ne?

A kan hanyoyin zamiya na Faransa ba kyauta ba ne. Dokar tsaunuka ta 1985 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar kuɗinsa, kuma saukar da mutum a kan gadon da ake ja bisa ƙanƙara yana cin ɗaruruwan Yuro. Ka tuna Yuro 100 ya haura jika 65 na sefa. Akwai inshorar yini da ake sayarwa tare da tikiti a kan Yuro kaɗan. Saye ta, don kada tunanin kuɗi ya hana ka kira ranar da ya kamata.

Yaya, in kowa ya ce a ci gaba, ni kaɗai zan ce a koma? Ai da kunya.

Na san wannan kunyar. Kai ne baƙo, kai ne baƙin mutum ɗaya a cikin taron, ba ka so a ce ɗan Sahara ya ji tsoron ƙanƙara. Ga kuɗin tikiti da na hayar kaya da ka tara da ƙyar, kana so ka ci abinka har ƙarfe biyar da za a rufe. To Hausawa sun riga sun raba gardama: tsoro na daji, kunya ta gida. Dutse daji ne.

Abin da na lura, in mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce shi zai sauka, sai ka ga biyu ko uku sun ce su ma. Dama kowa jira yake wani ya fara. Mutanen da aka haifa a dutsen, masu sintiri da masu koyarwa, ban taɓa jin sun raina wanda ya juya ba. Ku yi magana tun a mota: in gari ya rufe, a ina za a haɗu, wa zai yi gaba, wa zai tsaya baya. Wanda ya fi iyawa ya yi gaba da riga mai launi, na biyunsa ya rufe baya, ƴan koyo a tsakiya. In sun ƙi sauka, kada ka tafi kai kaɗai ta hanyar da ba ka sani ba. Je wurin ma'aikacin tasha ka ce masa kana so ka sauka.

Ɗana, ƙanwarka ta ce za su je dutsen nan da ƴan ajinsu. In bar ta?

Inna, ki bar ta, da sharaɗi. Wuri ne da ke sa mutum ya yi tasbihi, ranar da gari ya waye garau babu abin da na taɓa gani kamarsa. Ki ce mata ta fara da malamin koyarwa, ta tsaya a hanyoyi kore da shuɗi na ƙasan dutse, ta duba hasashen yanayi daren tafiya da safiyarta. In an ce gajimare zai zauna a sama ko iska za ta yi ƙarfi, ta yi zamanta a ƙasa ta sha shayi. Ta sa kwalkwali, riga uku marasa kauri maimakon ɗaya mai nauyi, ta cikin kada ta zama ta auduga don tana riƙe gumi. Mayafinta ta cusa shi cikin riga, kada ya yi lilo kusa da igiyar hawa. A aljihunta a samu usur, taswirar takarda, dabino, da bargon ledar nan mai ƙyalli da ake naɗewa kamar hankici. Ta kuma bar wa wata da ba ta je ba sunan wurin da lokacin dawowarsu, ta kira ki in sun sauko.